Wai kalmar post guda nawa ce a Turanci?

Ɗalibar Aji Uku:
Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga malaman Turancin da ke zauren nan. Post harafi huɗu ce kacal, amma duk inda ka juya sai ka gan ta da wata fuska daban. Yayana yana jiran fostin ɗinsa na bautar ƙasa, ƙanwata tana shirin post-UTME, masu kallon ƙwallo suna ihun ta daki post, gidan waya kuma sunansa post office. A nan ma kullum admin faɗa yake a rage post marasa amfani. Me ya haɗa waɗannan? Ko kalmomi ne suka ƙare wa Turawa?

Sarkin Tsokana:
Kin manta mafi muhimmanci, ƙanwata. POS. Wannan ita ce post ɗin da ke ci da mutane yanzu.

Malam Ticha:
Wa alaikumus salam. Sarkin Tsokana, ka janye POS ɗinka, haruffan farko ne na point of sale, ko dangin nesa ba su haɗa ba.

'Yata, abin da ya rikita ki shi ne kin ɗauka kalma ɗaya ce ta yi rassa. Kalmomi ne daban-daban, kowacce da hanyar da ta biyo daga Latin, suka zo Ingila suka zama rubutu ɗaya da lafazi ɗaya. Tushensu uku.

Mafi tsufa ita ce postis, wato turke ko ginshiƙi, musamman itacen da ake kafawa a gefen ƙofa. Wannan ta shiga Turanci tun zamanin tsohon Turanci, kafin Normawa su ci Ingila a 1066. Ita ce ta ƙwallo, ita ce ta fal ɗin fitilar titi, ita ce ta allon da ke nuna hanya.

Ta biyu daga aikatau ponere take, ma'anarsa ajiyewa ko sanyawa a wuri. Ta biyo ta Italiyanci da Faransanci, sai a ƙarni na 16 ta iso Turanci. Gidan waya nan ya fito, fostin ɗin yayanki ma nan ya fito.

Ta ƙanwarki kuwa ba suna ba ce ma. Ƙaramar kalma ce ta Latin mai nufin "bayan". Ita ce p ɗin da ke cikin p.m. na agogo, post meridiem, bayan rana ta take tsaka. Ita ce P.S. da ake ƙarawa a ƙasan wasiƙa, kuma ita ce ta post-mortem da likita ke yi wa gawa.

Ɗalibar Aji Uku:
Na gode Malam. Ta farko da ta uku sun shige ni. Amma ta biyun, yaya aka yi "ajiyewa" ta zama wasiƙa? Ai wasiƙa tafiya take yi, ba a ajiye take ba.

Baba P&T:
Malam, bar mini wannan, gonata aka shigo.

Jikata, ba wasiƙar aka ajiye ba, mutane da dawakai aka ajiye. Sarki yana son saƙo ya isa gari mai nisa cikin gaggawa, doki ɗaya kuma ba zai iya ba. Sai a girke mahayi da doki a kan hanya, a ƙara gaba gwargwadon abin da doki zai iya gudu kafin ya gaji, a girke wani. Wannan ya kawo jaka ya miƙa, wancan ya karɓa ya zabura. Kowane wurin da aka girke su shi ne post. Da tafiya ta yi tafiya sai aka kira mahayin post, aka kira jakar post, aka kira abin da ke cikin jakar post, har hukumar da ke kula da abin gaba ɗaya.

A Ingila Sarki Henry na Takwas ya naɗa Brian Tuke shugaban waɗannan zangunan a wajen 1516, kuma aikin sarki kaɗai suke yi. Sai a 1635 Sarki Charles na Ɗaya ya buɗe wa talakawa. A can tsakiyar Turai kuwa dangin Taxis sun riga su, tun wajen 1490 suke gudanar da irin wannan wa Sarki Maximilian.

A da idan wasiƙa ta gaggawa ce har rubutawa ake yi a bayanta, haste, post, haste, wato yi sauri ɗan aike, yi sauri. Daga nan Turanci ya samu posthaste. Har post kanta ta taɓa zama aikatau mai nufin yin tafiya a guje, ka ga abin da ya faro daga tsayawa wuri ɗaya ya koma gudu.

Na Zaure:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ina karanta bayaninka sai na ji kamar barid kake fassarawa. Daular Umayyawa da ta Abbasiyawa suna da wannan tsari tun ƙarnuka kafin Henry, kuma masu tarihi suna jingina kafa shi a Musulunci ga Mu'awiya. Sahibul barid babban muƙami ne, domin ban da kai saƙo shi ne idon halifa a lardi, yana rubuto masa abin da gwamna da alƙali suke ciki.

Kuma ita ma kalmar haka ta yi yawo. Ana kiran ɗan aiken barid, ana kiran tazarar da ke tsakanin zango da zango barid, yau kuma Larabawa da ita suke kiran gidan waya har da imel. Duk wanda ya yi Risala ya haddace tafiyar da ake ƙasaru a cikinta: burudi huɗu, mil 48. Almajiri nawa ne ya san cewa awon zangon masu kai wasiƙa yake karantawa?

Ɗan Kumasi:
Allah gafarta Malam, ai mu ma ba sai mun je nesa ba. Zango wurin da ayari ke sauke kaya ya kwana ne. Fataken goro da suka riƙa zuwa Gwanja suka zauna, unguwanninmu a nan Ghana har yau Zongo ake ce musu. Ku kuma a can kuna cewa zangon karatu na biyu, ko gwamna yana neman zango na biyu. Wa ya taɓa cewa kalmomi sun ƙare wa Bahaushe?

Sarkin Tsokana:
To ai shi ke nan, a canja wa gidan waya suna ya koma gidan zango.

Baba P&T:
Yaro, gidan waya ma ba don wasiƙa aka sa masa suna ba. Wayar tangaraho ce, ta ƙarfe, wadda aka ja bisa turaku tana shiga ginin. Bahaushe ya dubi abin da ya fi ba shi mamaki ya sa wa gidan suna da shi. Haka kan sarki. Tambarin farko a duniya, Penny Black na 1840, kan Sarauniya Victoria ne a jikinsa, kuma lokacin da abin ya zama ruwan dare a ƙasar nan kawunan sarakunan Ingila ne a kai. Kafin gyaran da Rowland Hill ya kawo a waccan shekarar, galibi wanda aka kawo wa wasiƙa shi ke biya, in ya ga dama kuma ya ce bai karɓa ba. Don su suka fara, har yau Birtaniya ba ta rubuta sunan ƙasa a jikin kan sarkinta.

Ku da kuka taso da waya a hannu ba ku san yadda kanta take ba. Akwai ɗan soso jiƙaƙƙe a kan teburi don manna kan sarki, amma rabin mutane da harshe suke lasa. Da safe aikina na farko in juya lambobin hatimin kwanan wata da tsinke, in buga a farar takarda in tabbatar ya fito daidai, domin wannan bugun hujja ne har a gaban alƙali. A bakin ƙofa ga mai rubuta wasiƙa da teburinsa, tsohuwa na zaune tana faɗa masa abin da zai gaya wa ɗanta a Ikko, tana cewa ya maimaita mata ta ji ko ya rage wani abu. Da yamma a ɗaure jaka, a buga mata darma a baki, a kai tashar jirgin ƙasa. A 1985 aka raba P&T, hukumar wasiƙu da sadarwa ta wancan lokacin, gida biyu, NIPOST ta ɗauki wasiƙu, NITEL ta ɗauki tarho.

Ɗan Damagaram:
Baba, mun gaishe ka. Ni abin da zan ƙara, mu da muka yi lakwal da Faransanci wannan ruɗanin bai kama mu sosai ba, domin Faransanci ya bar wa kowacce jinsinta. La poste, ta mace, ita ce ta wasiƙa. Le poste, na namiji, shi ne wurin da aka girke soja ko jandarma ko ɗan duwan, shi ne muƙamin aiki, har akwatin rediyo ma haka tsofaffi suke ce masa. Turke kuwa poteau ne, ba ya shiga cikinsu. Turanci ne da ba ya raba namiji da mace a sunaye ya kwashe su duka ya zuba a ƙwarya ɗaya.

Malam Ticha:
Madalla, ɗan uwa. Shi ya sa na ce tushe uku, amma ƙofa huɗu suka shigo ta. Ta soja ta zo daban da ta wasiƙa, ɗaya daga posto ɗaya daga posta na Italiyanci, ko da yake uwarsu ɗaya. Daga wurin da aka tsayar da mai gadi aka samu ma'anar muƙami, daga nan aka samu tura ma'aikaci wani gari. Saboda haka ɗan bautar ƙasa da ke jiran fostin, a harshen da aka gada, soja ne ake shirin girkewa. Bai kamata ya ba mu mamaki ba, tunda gwamnatin soja ta Gowon ce ta kafa shirin a 1973, da kakinsa da faretinsa. Busar Last Post da ake yi a jana'izar soja ma nan ta samo suna. Asalinta alama ce ta cewa hafsa ya gama zagayen masu gadi ya kai wuri na ƙarshe, dare ya yi.

Wani abin dariya, compost da masu lambu ke yi, wato taki, da impostor, ɗan sojan gona, duk 'ya'yan ponere ne. Ɗaya abin da aka tara wuri guda, ɗaya wanda ya ɗora wa mutane abin da ba shi ba.

Hajiya Akanta:
Malam, kun bar tamu a baya. A wajenmu post ba ta da alaƙa da doki ko soja. Ciniki ya faru, ka fara rubuta shi a littafin yau da kullum yadda ya zo. Daga baya ka zauna ka kwashe kowane layi ka kai shi shafinsa a leja, na bashi gefensa, na biya gefensa, ka sa lambar shafin a ɗan siririn layin da ke tsakiya don mai bincike ya iya bin sawu. Wannan kwashewar ita ce posting. Har yanzu da muka koma kwamfuta maɓallin haka sunansa, kuma in ka danna shi ba ka gogewa, sai dai ka shigar da wani layin da zai warware na farko. Da Bature ya ce keep me posted, daga nan maganar ta fito: ka riƙa cike mini littafina kada ya zama yana baya.

Ga kuma ta uku a cikin cek. Post-dated cheque, wanda aka sa masa kwanan wata na gaba. 'Yan kasuwa da yawa sun sha kuka da shi.

Injiniya:
Duk kun yi ƙoƙari, amma babbar tambayar ba a taɓa ta ba. Wannan da muke yi yanzu, da admin ke faɗa a kai, 'yar wace ce? Ni na ce 'yar turke ce, ba ta da haɗi da gidan waya.

Baba P&T:
Kai ɗana, a'a. Ka rubuta saƙo, ka danna, ya tafi ya isa ga mutane. Wannan ai aikinmu ne aka ɗauke aka sa a waya. Bature in zai jefa wasiƙa a akwati me yake cewa? Post a letter.

Injiniya:
Baba, da girmanka, Baturen Ingila ne ke faɗin haka. Ba'amurke mail a letter yake cewa, kuma a Amurka abin nan ya tashi. A farkon 1978 aka yi wata gagarumar dusar ƙanƙara a Chicago ta hana mutane fita, Ward Christensen da Randy Suess suka zauna suka haɗa tsarin da mutum zai kira wata kwamfuta ta layin tarho ya bar rubutu kowa ya karanta. Sunan da suka ba shi daga allon sanarwa suka ɗauko, irin wanda ake soka wa takarda da ƙusa a ofis ko makaranta. Shekara biyu bayan haka Usenet ta fara aiki daga Jami'ar Duke, ita ma rubutun na kowa da kowa ne.

Ita kuwa aikatau ɗin manna sanarwa, daga turke ta fito kai tsaye, domin a jikin turaku ake liƙa takarda a da. Nan aka samu poster, fastar da 'yan siyasa ke cika mana gari da ita. Nan aka samu Post No Bills da ake rubutawa a katanga. Post-it na kamfanin 3M ma haka. Kuma ku tuna shafin mutum a Facebook da farko Wall ake ce masa, bango, kafin su canja a 2011. Wa ke jefa wasiƙa a bango? Liƙawa ake yi.

Baba P&T:
To jaridu fa? Washington Post a Amurka take, tun 1877. New York Post ta girme ta ma, 1801. Turke aka sa musu suna da shi? Mai kawo labari ake nufi, mahayin nan dai. Kai kuma abin da kake sakawa a Facebook ba labari ba ne?

Injiniya:
Jaridun naka ne Baba, ban ja ba. Amma wasiƙa tana da adireshi, mutum ɗaya aka nufa, a rufe take. Wadda ta gaji wannan ita ce imel, shi ya sa aka ce mata mail. Post ba ta da adireshi, duk mai wucewa ya tsaya ya karanta.

Ɗalibar Aji Uku:
Yaya Injiniya, to ai a darasin kwamfuta an koya mana GET da POST. Malamin ya ce POST shi ne tura bayani zuwa ga saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da shafin, kamar in ka cike fom ka danna. Wannan ai wuri ɗaya aka nufa, ba bango ba ne. Ba ta Baba ba ce?

Sarkin Tsokana:
Wayyo! Ɗan hakin da ka raina. Injiniya, an zura maka ɗaya a gidanka.

Injiniya:
Ba a zura komai ba. Takardar ƙa'idar HTTP ta 1996, wato ƙa'idar da kwamfutoci ke bi wajen musayar shafukan intanet, inda ta lissafa amfanin POST, har da aika saƙo zuwa allon sanarwa da zaurukan tattaunawa ta ambata. Masu rubuta ta sun ɗauko kalmar ne daga inda aka riga aka saba da ita.

Malam Ticha:
Ku saurara in faɗi nawa. A tarihin yadda abin ya faro, hujjar Injiniya ta fi ƙarfi, ni ma can na karkata. Amma Baba bai yi asarar komai ba. Kalma ba ta kama bakin miliyoyin mutane sai ta dace da abin da suke ji suna yi, kuma mai danna maɓallin nan abu biyu yake yi a lokaci ɗaya, yana aikawa yana kuma liƙawa. Baturen Ingila da ya ji ta sai ya tuna jan akwatin bakin titi, Ba'amurke ya tuna allon makaranta, kowa ya ga ta yi masa daidai. Ina jin shi ya sa ta kori kishiyoyinta. Ko Twitter da ta koma X a 2023, sai da ta ajiye tweet ta ɗauki post.

Abin da ke ba ni dariya, a Ingila hukumar sunanta Royal Mail amma post take kawowa, a Amurka sunanta Postal Service amma mail take kawowa. Ita mail ɗin asalinta jaka ce kawai a tsohon Faransanci.

Ɗan Damagaram:
Malam, to da Hausa me za mu ce? Gidajen rediyo suna cewa ya wallafa a shafinsa. Ni kuwa wallafa tana yi mini nauyi. Mutum ya sa hoton tuwon da ya ci, a ce ya wallafa, kamar wani Shehu Usmanu?

Hajiya Akanta:
Yarana ɗorawa suke cewa, ko sakawa. Ta ɗora a status, ya saki bidiyo. In ka lura ba mai cewa ya aika sai in mutum ɗaya ya tura wa. Kenan bakin Bahaushe ma ya bi bayan Injiniya ba tare da an tambaye shi ba.

Baba P&T:
Hajiya, ke ma? To Allah ya isa tsakanina da 'yan boko.

Na Zaure:
Baba, a yi haƙuri, Larabawa ma nashara suke cewa, wato yaɗawa, ba su taɓa baridinka ba. Ni dai ina goyon bayan wallafa ga rubutu mai tsawo da mutum ya zauna ya tsara, ɗorawa ga sauran tarkace.

Sarkin Tsokana:
Tunda an gama da Baba, a dawo kan turke. Malam, wannan first past the post da masu sharhin zaɓe ke faɗa, wane post ne? Muƙamin da ake nema?

Malam Ticha:
Mutane da yawa haka suke zato, amma turken sukuwa ne, wanda ake kafawa a ƙarshen fili. Dokin da ya riga wucewa shi ya ci, ko da tsinin hanci ne. Haka ake zaɓen 'yan majalisa a Birtaniya, mu ma haka muke zaɓen namu: wanda ya fi ƙuri'a ya tafi da kujera ko bai kai rabi ba. Na shugaban ƙasa ne muka ƙara wa sharaɗi, sai ya samu kashi 25 cikin 100 a kashi biyu bisa uku na jihohi. Ɗan Damagaram kuwa su zagaye biyu suka gada daga Faransa a zaɓen shugaban ƙasa, kafin juyin mulkin 2023 in ba wanda ya haura rabi sai a koma.

Ɗalibar Aji Uku:
Malam, saura ta ƙanwata. Ita ba ta da wani labari?

Malam Ticha:
Tana da shi, kuma ita ce ta fi saurin haihuwa yanzu, domin kowa na iya manna ta a gaban kowace kalma. Jarrabawar da kike magana a 2005 aka fara ta da sunan post-UME, aka soke ta a 2016, aka dawo da ita a 2017. A nan ma'anar a fili take, jarrabawar da ke bayan wata jarrabawa. Amma a 2016 masu ƙamus na Oxford suka zaɓi post-truth a matsayin kalmar shekara, kuma a can ba bayan gaskiya a lokaci ake nufi ba. Ana nufin yanayin da gaskiyar ta daina tasiri a kan ra'ayin jama'a, son rai ya fi ta ƙarfi. Kin ga ita ma ta fara zamewa daga inda aka san ta.

Admin:
Jama'a, an kusa kiran Magariba. Masu turo tallar data a tsakiyar muhawara, na goge, kuma na gaba cirewa ce. Baba P&T, akwai masu tambaya ta bayan fage yadda postal order ke aiki a da, ko za ka buɗe masa zare daban gobe?

Baba P&T:
In Allah ya kai mu. Amma a gaya wa Injiniya ya zo da shirinsa, don wannan kam ba a bango ake liƙa shi ba.